Gayyar da Ta Ƙone Mini Jarrabawa

Na haura shekara arba'in lokacin da na koma zama a benci ina ɗaliba. Ni da na saba tsayawa gaban allo a Islamiyya ina daka wa 'yan mata tsawa kan tajwidi, sai ga ni a wata cibiyar koyar da manya sana'a a Safana, ina ɗaga hannu kafin in yi magana. Sunan darasin a bakin Turawa famakalca, kuma har muka gama akwai waɗanda harshensu bai kama shi ba. Malaminmu, wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya, ya ce mu daina wahalar da kanmu, mu ce tsara gona. Abin da ake koyarwa shi ne mutum ya dubi filinsa tun daga inda ruwa ke shigowa har inda yake fita, ya san inda zai bar itace, da inda zai sa hatsi, da inda dabba za ta bi, yadda kowanne zai taimaki ɗan'uwansa, ƙasar kuma ta riƙa ƙara ƙarfi maimakon ta gaji. Wanda ya ci jarrabawa ana ba shi takardar shaida, har ya iya tsara wa wasu gonakinsu.

Ni dai gona ce ta kai ni can, takardar daga baya na fara sonta.

Mu mutanen ƙasar Ruma ne. Gidanmu gidan malamai ne, gidan mijina kuma manoma ne tun kaka da kakanni. Manyan gonakinsu suna bakin daji, inda yanzu ko mai ƙarar kwana ba ya zuwa. Da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo Batsari, kuma ba mu daɗe ba ciwo ya kwantar da maigidana, Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya rage wanda ƙafa ke iya kaiwa shi ne wani fili a hanyar Darini, rabi na marigayi, rabi na wansa. Rabin wansa yana kwari, yana da ɗan dama. Namu kuwa gangare ne, ruwa ya wanke shi shekara da shekaru har ya zama faƙo, ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta son ta.

Wan mijina, wanda nake kira Yaya, mutumin kirki ne, tsayayye, amma in ya yanke magana ya yanke. Bayan na fita takaba ya zo da liman da sarkin noman unguwarmu, dattijon da manoma ke jin maganarsa. Ya ce zai haɗa filin marayu da nasa ya riƙa nomawa, in kaka ta yi ya auno mana abinci. Na san ba cuta ya nufa ba. Amma ban so 'ya'yana su tashi suna jiran awo daga rumbun wani, ko da rumbun baffansu ne. Na roƙe shi ya bar mini damina ɗaya.

"Malama," in ji shi, "mace da faƙo? Maza ma sun gaza."

Na ce na ji, amma a bar ni in gwada. Ya dubi liman, ya dubi sarkin noma, ya ce, "To, ku shaida. Damina guda na ba ta. In gonar ta ba da abinci, tata ce da ɗiyanta. In ba ta ba, sai ta bar ni in yi abin da ya dace."

Jarrabawar ƙarshe a cibiyarmu ba a kan takarda ake yin ta ba. Kowane ɗalibi zai tsara fili na gaske, ya aikata tsarin da hannunsa, masu jarrabawa su zo tsakiyar damina su duba. Saboda haka jarrabawata da alkawarin Yaya suka zama abu guda. In faƙon nan ya kunyata ni, na rasa takarda na rasa gona.

A aji na yi ƙawa, wata Bafulatana daga Babban Duhu, mai baki kamar reza. Ba ta taɓa kirana da komai ba sai Kaɗo, sunan da Fulani ke kiran Bahaushe da shi. Ita ta zo ta taya ni awon farko, kuma ita ta aiko mini da takin shanunsu a buhuna. Kayan awon namu sanduna uku ne da aka ɗaure, biyu a tsaye suna haɗuwa a sama, ɗaya a gicciye, da zare mai dutse yana reto a tsakiya. In zaren ya tsaya a kan alamar da ke tsakiyar sandar gicciyen, to ƙafafun nan biyu suna daidai, ba wadda ta fi wata tudu. Haka ake bi ana kafa turaku har a sami layin da ya kwanta daidai a jikin gangare. A kan layin ake haƙa dogon rami, a tara ƙasar a gefen da ke wajen kwari, don in ruwa ya gangaro ya tsaya ya nutse maimakon ya wuce da ƙasar mutum.

Faɗa da baki ya fi sauƙi. In ka kai wa faƙon nan diga sai ta dawo maka har kafaɗa. Da ni da ƙawata da wata ƙanwata, duk tsawon rani rami biyu muka iya gamawa, tsarina kuwa yana neman ninkin haka sau da yawa. Abin da na fi ƙarfi a kai shi ne kara. Na bi dangi da iyayen ɗalibaina ina roƙon karan dawa da na gero da ɓawon gyaɗa, na shimfiɗe su a kan faƙon. Malaminmu ya koya mana cewa gara, wadda muka tashi muna tsine wa, in ta zo cin karan sai ta huda ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya. Kututturan sabara da kalgo da ke tohowa kuma ban sare su ba. Na zaɓi rassa masu ƙarfi a kowanne na bari, na rage sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Kullum na je sai na tsaya na duba tsawonsu.

A idona gonar tana kyau. A idon mai wucewa kuwa abin kunya ce. A wurinmu, kafin ruwa ya sauka, gonar mutumin kirki sharewa ake yi tas kamar tsakar gida, a tara kara a ƙone, a sare duk wani toho. Gonar da aka gani da tarkace, to mai ita ko dai ba shi da lafiya, ko rago ne, ko ba shi da kowa. Na taɓa zaunar da Yaya na yi masa bayanin gara da kara da ramuka. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai a hankali, sannan ya ce, "Allah ya ƙara haƙuri, Malama." Ashe shi a ganinsa rashin miji ne ya taɓa ni.

Wata safiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna, ina cikin aji a Islamiyya ina koyarwa sai ga maƙwabciyata ta leƙo ta taga, fuskarta cike da fara'a.

"Malama, barka! Allah ya dube ki da marayunki."

"Barka da mi?"

"Au, ba ki sani ba? Ai wan mijinki ya tara gayya, tun da sassafe maza na gonarki. An ce kahin azahar za su mai da ta tas."

Gayya ita ce a tara mutane su yi wa mutum aikin gona kyauta, shi kuma ya ciyar da su. Ba a yi wa wanda ba a so. Na ajiye alli, na bar wa babbar ɗalibata aji, na tare ɗan acaba. Tun daga kan hanya na hango hayaƙi.

Abin da na tarar ba zan manta da shi ba. Maza sun jeru da manjagara suna tattara karan da na yi wata da watanni ina roƙo, an yi tsibi-tsibi, wuta na ci. Ramina ɗaya an riga an cike shi an daddale, don sun ɗauka zaizaya ce. Sabarata da kalgona suna kwance a ƙasa, ganyensu ya fara yaushi. A gindin wata aduwa matan gidan Yaya sun jera ƙoren fura, furar da aka dama da geronsa a lokacin da kowa ke lallaɓa abin da ya rage masa a rumbu. Shi kuma yana tsaye da gatari a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga, yana murmushi irin na wanda ya sauke nauyin ɗan'uwansa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wallahi da ɗalibaina ne suka yi mini haka da unguwa ta ji mu. Amma waɗannan mutane ne da aka raba da gonakinsu, wasu an raba su da 'ya'yansu, suka bar nasu aikin suka zo taimakon marayu. Wa zan yi wa faɗa? Na tsaya na haɗiye abin da ke bakina, na share ido da gefen hijabi kamar hayaƙi ne ya shiga.

Na je gaban sarkin noma na durƙusa. Na gaishe shi, na tambayi iyali da gajiya, na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, na yi wa sauran sannu da aiki, na yi addu'a Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mai da mu gidajenmu lafiya. Suka amsa da amin mai ƙarfi. Ni kuwa duk tsawon gaisuwar nan tunani nake yi. 'Yar malamai ce ni, na tashi ina jin yadda ake jera tambaya har mai amsa ya rasa ƙofar fita.

Na ce, "Baba, ina da tambaya, don ni ban san al'adar manoma sosai ba. In an yi gayya, wa ke nuna inda za a sa fartanya?"

Sarkin noma ya ce, "Mai gona mana, ɗiyata. Ko sarki ya zo gayya, inda mai gona ya nuna nan zai duƙa."

"To Baba, a daminar bana, wa ke da wannan gona?"

Tsohon ya ɗago kai. Ya dube ni, ya dubi Yaya, sai na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya gane inda na dosa, kuma abin ya yi masa daɗi.

"A gabana aka ba ki ita," in ji shi.

Murmushin Yaya ya ɗauke. Ya ce, "Malama, mi kike nuhi? Ba mu kyauta ba ne?"

"Kun kyauta, Yaya, Allah ya bar zumunci. Amma rana ba ta yi ba tukuna, fura ma ba a sha ba. Roƙona a ƙarasa mini gayyata yadda nake so."

Aka kashe wutar da ta rage. Na ɗauko sandunana uku daga inda na rataye su a jikin aduwa, na hau can saman gangare, na fara awo ina kafa turaku, na ce a biyo ni da diga da shebur. Da farko ba wanda ya motsa. Sai sarkin noma ya tashi da kansa, da tsufansa, ya karɓi diga a hannun wani ya kai sara na farko. Bayan wannan ba mai iya tsayawa kallo.

Manomin ƙasarmu yana alfahari da miƙaƙƙiyar kunya, wadda in ka tsaya a wannan kai za ka hango wancan. Layina kuwa yana lanƙwasa yana bin jikin tudu yadda ya ga dama. Ba a jima ba tsiya ta fara.

"Malama, wanga layi ko maciji ya ja shi?"

"In mutanen Darini suka ga wanga aiki, cewa za su yi mun sha wani abu."

"A Safana aka koya maku haka? To Allah ya sawwaƙe wa Safana."

Na bar su suka yi ta yi, har ni ma ina dariya. Da aka gama ramin farko na sa aka kawo jarkar ruwan da suka zo da ita, na tuttule ta a tsakiyarsa. Kowa ya matso. Ruwan bai gudu hagu ba, bai gudu dama ba, ya bazu ya kwanta a inda yake, yana nutsewa a hankali. Waɗannan mutane sun fi ni sanin abin da ruwa ke yi a gangare, don haka ba sai na ce komai ba. Wani dattijo ya tsuguna ya sa yatsa a ciki, ya ce, "Ikon Allah." Daga nan tsiyar ta ragu, saran ya ƙaru.

Aka sha fura, aka yi azahar a gindin aduwa, aka koma. Na sa aka buɗe ramin da suka cike, aka haƙa ƙananan ramuka masu siffar rabin wata a tsakanin manyan, aka zuba musu takin ƙawata da tokar karana da aka ƙone. Kafin la'asar, aikin da na yi rani guda ina fama da shi ban kai ko'ina ba, ga shi an gama shi tun daga sama har ƙasa. Na tsaya a kan tudu na dubi layukan nan suna zagaye gangaren, daidai yadda na zana su a aji. Daɗi ya kama ni.

Yaya ne kaɗai bai yi dariya ba duk ranar. Ya fi kowa haƙa, amma bai dube ni ba, kuma da aka tashi ya saɓa gatarinsa ya tafi ba sallama. Wannan ya dame ni ƙwarai, don na san a gaban mutane na juya masa gayyarsa.

Kara kuwa ya riga ya ƙone, kuma a ƙarshen rani kara ba abin wasa ba ne, shi ne abincin dabba, shi ne danga. Ban roƙi kowa ba. Amma a kwanakin da suka biyo, duk safiyar da na je sai in tarar da dami a bakin gona, wani na dawa, wani na gero, wani ma tsohon zana ne da aka kwance daga shinge. Ba wanda ya ce shi ya kawo. Da na ba ƙawata labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kaɗo, ke dai mayya ce. An zo ƙone ki, kin sa an yi maki bauta."

Ruwan farko mai ƙarfi da yamma ya sauka. Na yafa leda a ka na fita cikinsa, mutane na leƙena daga zaure. Shekarun baya ruwa kan gangaro daga filin nan ja wur, ya tafi da ƙasarmu kwari. Ran nan na tarar da shi tsaye a ramuka, layi bisa layi, ya rasa hanyar gudu. Na tsaya cikin ruwan ina ta hamdala da ƙarfi ni kaɗai.

Na shuka gero da dawa a bayan ramukan, wake a tsakani, kabewa da yakuwa a rabin watan, zogale a gefe. Shuka ta fito, sai ruwa ya ɗauke. Ya ɗauke har aka fita roƙon ruwa, har geron mutane ya fara naɗe ganye da rana, wasu ma suka sake shuka. Ni ma gabana ya yi ta faɗuwa. Kullum sai in ɗaga karan da na shimfiɗa in tura hannu ƙarƙashi, in ji ƙasa da sanyinta. Gerona ya ɗan yi laushi, amma bai faɗi ba har ruwa ya dawo.

Masu jarrabawa suka zo, malaminmu da baƙi biyu, namiji da mace. Suka riƙe zanen da na yi suna bin gonar. Matar ta tambaye ni ina itatuwan da na nuna a zane. Na ba su labarin gayya tun daga farko, namijin ya yi dariya har ya nemi wuri ya zauna. Sannan na kai su wurin kututturan, na nuna musu sabon tohon da ya fito bayan saran, wanda na riga na sake zaɓa na rage. Matar ta ɗauki wani siririn ƙarfe ta soka a bayan rami, ya shige kamar a tuwo. Ta fita bakin hanya inda ba a taɓa ba ta soka, ƙarfen ya ƙi. Ta dawo ta kama hannuna ta ce na ci. Malaminmu kuwa sai gyaran hula yake ta yi. Ranar da aka ba mu takardu a Safana, ƙawata ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin taro har shugaban cibiyar ya firgita.

Amma maganar gona tana hannun Yaya, shi kuwa tun ranar gayya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Gero ya nuna, muka yanka, muka ɗaure. Ba zan ce ya fi na kowa ba, amma abinci ne na gaske, daga filin da aka ce ko ciyawa ba ya yi, ga dawa tana tsaye, ga wake yana yaɗo. Na jira ya ce wani abu, bai ce ba.

Wata safiya ina tsinkar wake, ƙasa da sauran danshi don damina ba ta ƙare ba, sai na ga Yaya tafe da jaki, an labta masa saiwoyin gamba, doguwar ciyawar da ake dasawa a kan iyakar gona. Ya sauke a daidai inda filinsa ya haɗu da namu. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya daɗe yana kallon dawar.

Ya ce, "Ni da ƙanena ba mu taɓa sa iyaka tsakaninmu ba. Tun muna yara fartanya guda muke karɓa-karɓa. Na so in haɗa hilin nan don in riƙa jin kamar yana nan." Ya juya kai ya gyara igiyar jaki da ba ta kwance ba. "Amma kin riƙe mashi gida, Malama, kin riƙe mashi gona. Ba na son bayan raina wani cikin ɗiyana ya ce bai san inda taku ta fara ba. Tashi ki nuna mani inda za ta bi."

Na yi kuka, ban ɓoye ba, shi ma bai hana ni ba. Sannan na tashi na tsaya a kan iyakar na nuna masa. Yana haƙawa ina sa gamba ina taka ƙasa, har muka kai bakin hanya.